Lamba Ɗaya, Yara Biyu

Shafi na 19

Masu zagin Bara'atu a ƙasan shafin jiya, duk na karanta, ban goge ko ɗaya ba. Wata ma cewa ta yi in ta gan ta a Jalingo sai ta wanke ta da mari. To ga na yau. Kowa ya karanta, ya tambayi kansa abin da zai yi da shi ne a kan kujerarta.

*

Bara'atu na zaune a teburinta na rajista, inda take kula da sunayen yara da masu juna biyu da ke cikin shirin katin lafiya kyauta, sai ga keke napep ya ja birki a ƙofar ƙaramin asibitin.

Tun kafin ya gama tsayawa wata mata ta diro, takalmi a ƙafa ɗaya, yaro a kafaɗa, wuyansa ya langaɓe.

Bara'atu na ganinta ta miƙe tsaye.

Lucy ce, 'yar Kona da ke gefen Jalingo, mai gasa masara a bakin titi. Yaron kuma ɗanta ne Tobiya, bai cika shekara huɗu ba.

"Anti, ka taimake ni. Ya yi jijjiga sau biyu a hanya."

Hausar Lucy ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta.

Sista Roseline, babbar nas ɗin asibitin, ta fito daga ɗakin allura ta karɓe shi ta shimfiɗe a gado. Ta taɓa goshinsa, ta ja fatar idonsa ƙasa. Fari fat kamar takarda.

"Maleriya ce ta shanye masa jini. Wannan ya fi ƙarfinmu, sai babban asibiti, kuma yau ɗin nan sai an ƙara masa jini." Ta juyo ta dubi uwar. "Tun yaushe ya fara?"

"Tun Juma'a."

"Juma'a? Yau fa Litinin. Me kike jira a gida?"

Lucy ta goge fuska da bakin zanenta.

"Na zo ranar Juma'a, Sista. Anti ba ya nan. Shi ya ce kullum in zo wurin shi kawai, kar in nuna wa wani takarda na. Sai na koma, na ce bari in jira shi."

Sista Roseline ta ɗago ta kalli Bara'atu. Kallo ɗaya ta yi mata, ta juya wajen uwar.

"Yana da kati?"

Lucy ta kwance bakin zane ta zaro wata leda, a cikin ledar wata leda, a cikinta 'yar takarda da aka ninke sau huɗu.

"Na roba bai fito ba tukuna. Amma Anti ya ce lamba ya isa."

"Ai kuwa kin gode Allah. Da lambar nan jini da magani duk kyauta ne a can. Bara'atu, buga min takardar turawa, bari in yi masa allurar farko."

Bara'atu ta karɓi takardar. Rubutunta ne a jiki, da sa hannunta.

0147.

Ko daga barci aka tashe ta ta san lambar nan.

Wata biyar da suka wuce aka ba unguwarsu gurbin mutum ɗari biyu a shirin. Layi har bakin kwalta. Duk wanda aka rubuta, a ɗauke shi hoto a ba shi 'yar takarda mai lamba, daga baya Bara'atu ta zauna ta shigar da kowa a kwamfuta.

Tana cikin shigarwar ne yayarta Adda Bilkisu ta zo daga Lau, goye da 'yarta Fadila. Sikila ce da yarinyar, ranar hannuwanta a kumbure suke, ko kofi ba ta iya riƙewa. A Lau gurbi ya ƙare kafin layi ya zo kansu. Gonar shinkafar mijin kuma ruwa ya cinye ta a daminar bara.

"Ke ce a kan teburin, Bara'atu. In ba ki yi wa 'yarki ba, wa za ki yi wa?"

Washegari Bara'atu ta buɗe hotunan tana bi ɗaya bayan ɗaya, tana neman yaron da ya fi kowa alamar lafiya. A na ɗari da arba'in da bakwai ta tsaya. Tobiya ne, kumatu cike, yana dariya har da wushirya, guntun masara a hannu.

Ta ce a ranta, wannan ko mura ba zai yi ba.

Ta goge sunansa da hotonsa, ta sa na Fadila. Ta ce wa yayarta gurbi ɗaya ne ya yi saura, Allah ya tsaga da rabon yarinyar.

Tun daga nan duk sanda Lucy ta leƙo tambayar katin roba, amsar ɗaya ce, bai fito ba. Kuma ba ta taɓa zuwa hannu rabbana ba, sai da gasasshiyar masara biyu a naɗe cikin jarida. Bara'atu ba ta taɓa iya kai ko ƙwaya ɗaya bakinta ba, mai shara take ba. Sau biyu Tobiya ya yi tari, sau biyu ta tsallaka kemis ta sayo magani ta miƙa wa uwar a matsayin na shirin ne. A ganinta da haka take rage alhaki.

Ranar Juma'ar da Lucy ta zo ba ta same ta ba kuwa, Bara'atu tana babban asibiti. Ciwon Fadila ne ya tashi, aka ba ta gado.

Da lamba 0147.

"Bara'atu, takardar fa?"

"Sista... netwok ne ba shi da kyau."

"Yanzu na ga kin shigar da mai cikin nan."

"Ya sake ɗaukewa."

Sista Roseline ta cire safar hannu ta jefa a kwandon shara, ta zagayo bayan teburin. Ta janyo kwamfutar gabanta, ta danna lambobin huɗu da yatsa ɗaya.

Fuskar yarinya ta fito, siririya, idanu manya, kitso biyu.

Sista ta daɗe tana kallo. Sannan ta rufe kwamfutar a hankali.

"Maman Tobiya, zauna kusa da shi ki riƙe masa hannu, muna zuwa. Ke kuma biyo ni."

Ɗakin ajiyar magani ta kai ta, ta tura ƙofa.

"Wace ce Fadila Ismail?"

Bara'atu ta kawar da kai.

"Ki kalle ni. Shekarata ashirin da biyu a aikin nan, na ga ɓarayin magani, na ga masu sayar da gidan sauro. Ke ban taɓa saka ki a cikinsu ba. Wace ce?"

"'Yar yayata ce."

"A unguwar nan take?"

"A Lau."

"Nawa aka ba ki?"

Bara'atu ta ɗago da sauri. "Wallahi Sista ko sisi. Sikila ce da ita. Da kin gan ta ranar..."

"Na yarda. Na ga masu sikila sun fi ɗari. Me ya hana ki zo ki same ni mu rubuta wa ofis mu roƙi ƙarin gurbi?"

"Na ji tsoron za a ce a'a."

"Sai kika ce wa yaron can a'a a madadinsu, ba tare da uwarsa ta sani ba."

Hawayen da Bara'atu take riƙewa suka zubo.

"Na ɗauka ba zai taɓa buƙata ba. Kuma ina saya masa magani da kaina duk sanda..."

"Ba maganar magani nake ba. Kin ji abin da ta ce? Ta zo ranar Juma'a. Ina nan ranar Juma'a, Bara'atu. Ina zaune a ɗakin can. Da ta shigo, ƙwaya shida zan ba ta, da yanzu yana tsakar gida yana bin kaji. Ta juya ta koma saboda kin ce kar ta nuna wa kowa takarda. Kwana uku yana ƙonewa a ɗaki yana jiran ki."

Bara'atu ta zauna a kan kwalin ruwan allura.

Wannan ne abin da take gudun ji. Satar lambar ta daɗe da sanin nauyinta, ta saba kwana da shi ta tashi da shi. Amma kalmar da ta faɗa don ta rufa wa kanta asiri, ita ce ta tsare yaron a gida har jininsa ya ƙare. Wannan ba ta taɓa lissafa shi ba.

"Yarinyar tana ina yanzu?"

"Tana kwance a can. Tun Juma'a."

"A kan lambar?"

Ta gyaɗa kai.

Sista Roseline ta dafe goshi.

"Kin san abin da zai faru in aka buga ta a tagar masu kati ta babban asibiti. Za ta nuna mai ita yana kan gado."

"Sista, ki taimake ni. An ce Laraba za a ƙara wa Fadila jini. In aka cire ta..."

"Kar ki roƙe ni abin da ba zan yi ba. Zan rubuta takardar turawa da hannuna, in sa sunan Tobiya da lambar da ke takardarsa, don ita ce gaskiya. Ba zan kira ofis ba. Ba kuma zan yi miki ƙarya ba in an tambaye ni." Ta buɗe ƙofa. "Tashi ki wanke fuskarki ki bi su. Ki faɗa mata da bakinki kafin kwamfuta ta faɗa mata. Ko wannan kaɗai ki yi mata."

*

A cikin keke suka shimfiɗe Tobiya a cinyoyinsu, kansa a jikin uwarsa, ƙafafunsa a kan Bara'atu. Tafin ƙafarsa fari, zafi kamar an ciro daga murhu.

Mai keken na ta kauce wa ramukan da ruwan sama ya cika, yana danna hon.

"Anti, ka bar aikinka saboda mu," in ji Lucy. "Allah ya biya ka."

"Maman Tobiya..."

"Baban shi yana gona, can ciki, waya ba ya shiga. Mama na ya tsufa. Yau kai ne ɗan'uwana."

Bara'atu ta gyara riƙon ƙafafun yaron.

"Ranar layin nan, wasu sun ce mini kar in wahala, sai wanda ya san wani. Na ce ƙarya ne. Na ce yarinyar da ke rubutu yana da tsoron Allah, na gani a fuskar shi. Har a coci na faɗa."

"Akwai maganar da nake so in..."

Jikin yaron ya sandare, idanunsa suka juye. Lucy ta rungume shi tana kiran sunansa, tana magana da yarensu. Bara'atu ta riƙe ƙafafun tana ta salati, tana ce wa mai keke ya ƙara wuta.

Maganar ba ta fito ba har suka shiga ƙofar babban asibiti.

A sashen gaggawa na yara wata likita ta karɓe shi, aka sa masa ruwa, aka ɗebi jininsa. Ba a jima ba ta fito da takarda.

"Jininsa ya yi ƙasa sosai. Ku je tagar masu kati a buɗe masa fayil, sai ɗakin jini su sako mana leda. Ku yi sauri."

Tagar na ƙarshen baranda. Malam Hashim ne a ciki, dattijo mai furfura a gemu, gilashi a kan hanci. Shi ne ya buɗe wa Fadila fayil ranar Juma'a.

"A'a, Malama Bara'atu. Ya mai jiki?"

Lucy ta ɗauka ɗanta ake tambaya. "Da sauƙi, Baba," ta ce, ta tura masa 'yar takardarta ta ƙarƙashin taga.

Ya warware ta, ya gyara gilashi, ya kai hannu kan madannai.

"Malam, dakata."

Muryar Bara'atu ce, ita kanta ba ta gane ta ba.

Ta juya ta fuskanci Lucy.

"Maman Tobiya, katin roba ya fito. Tun wata huɗu da suka wuce ya fito."

"To yana ina?"

"Ba da sunan Tobiya ya fito ba. Na cire sunansa na sa na 'yar yayata. Lambar nan da kike ɗaurewa a zane, wata yarinya ce take amfani da ita. Yanzu haka tana kwance a asibitin nan."

Lucy ta yi murmushi irin na wanda bai gane Hausar ba.

"Ban ji ba, Anti."

"Ni na cire shi. Da hannuna. Shi ya sa na ce kar ki nuna wa kowa takardar. Ba don a taimake ki ba ne, don kar a gane ne."

Murmushin ya tafi a hankali.

Malam Hashim ya danna lambar, ya duba, ya cire gilashinsa ya ajiye.

Lucy ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da Bara'atu ta fi samun sauƙi. Sai ta tsaya tana kallonta tun daga sama har ƙasa, kamar yau ta fara ganinta.

"Maganin tari da ka ba ni?"

"A kemis na saya."

"Masara na da ka ce yana da daɗi?"

Bara'atu ta sunkuyar da kai.

"Me Tobiya ya yi maka?"

"Bai yi min komai ba."

"Ni na yi maka?"

"A'a."

"Mu ɗari biyu ne a layi. Me ya sa shi?"

Babu ƙaryar da ta rage mata. Ta faɗi abin da yake.

"Shi ya fi kowa ƙiba a hoto. Na ɗauka ba zai yi ciwo ba."

Lucy ta gyaɗa kai sau biyu.

"To don na ba shi abinci ne. Ina tsayawa a rana, hayaƙi yana shiga ido na, in saya mishi ƙwai, in saya mishi kifi. Da na bar shi da yunwa, da ka bar mishi katin shi."

Matan da ke layi a bayansu suka zuba wa Bara'atu ido.

Malam Hashim ya yi gyaran murya.

"Malama Bara'atu, ni ba alƙali ba ne, kuma yaro yana jiran jini. Lamba ɗaya ba ta ɗaukar mutum biyu. Takardar hannun matar nan ita ce ta asali, ga kwanan wata, ga sa hannunki. In kika rubuta min cewa ke kika canza, zan mayar masa da lambarsa yanzu, in buɗe fayil. Amma ki sani, ina mayarwa na yarinyar zai rufe. Takardar kuma ofis za ta tafi, ba zan iya ajiye ta a aljihu ba."

Ya turo farar takarda da biro.

Bara'atu ta kalli biron. Ta ga Fadila da kumburarrun hannuwa. Ta ga aikinta, wanda mahaifiyarsu ta yi shekara uku tana kai wa Allah kuka kafin a same shi. Ta ga fuskar Adda Bilkisu ranar da ta miƙa mata katin, yadda ta ɗaga shi sama tana sa mata albarka.

"Malam, babu yadda za a yi a bar su duka biyun, ko zuwa Laraba?"

"Da akwai, da na faɗa miki."

"Rubuta," in ji Lucy.

Ba da ƙarfi ta faɗa ba.

"Ban san yarinyar ba, ba na mishi fatan mugunta. Amma nawa yana mutuwa a ɗakin can. Rubuta."

Bara'atu ta rubuta. Layi huɗu ne. Ta sa suna, ta sa hannu, ta sa kwanan wata.

Malam Hashim ya karanta, ya buga hatimi. Ya yi 'yan danne-danne, injin ya fito da takarda mai sunan Tobiya a sama. Ya miƙa wa wata nas da ke wucewa.

"Kai wa ɗakin jini, na yaron gaggawa ne. Su sako yanzu."

Nas ɗin ta karɓa ta yi gaba da sauri. Lucy ta ninke 'yar takardarta sau huɗu kamar yadda take, ta mayar cikin leda, ta ɗaure a bakin zane. Ba ta sake kallon Bara'atu ba. Ta juya za ta bi bayan nas ɗin.

"Bara'atu? Ashe kin shigo?"

Daga ɗaya ɓangaren barandar muryar ta fito.

Adda Bilkisu ce, mayafi a karkace, idanu sun faɗa don rashin barci, amma tana ganin ƙanwarta ta saki fuska. Takarda ce a hannunta.

"Allah ya kawo ki a kan gaɓa. Likita ya zagayo yanzu, ya ce ba za a jira Laraba ba, jinin nata ya sake sauka. Yau za a ƙara mata."

Ta ratsa ta gefen Lucy ta isa taga, ta tura takardar ciki.

"Sannu da aiki, Malam. Na Fadila Ismail ne, gado na shida. Na ma haddace lambar." Ta yi 'yar dariya. "Sifili, ɗaya, huɗu, bakwai."

Lucy ta tsaya cak. Ta juyo.

Malam Hashim bai taɓa takardar ba. Ya ɗauki gilashinsa ya mayar, ya dubi Bara'atu ta saman su.

"Malama, ke za ki faɗa mata, ko ni?"